Yatsun Habsatu

A duk faɗin jihar Agadas, tun daga Adarbisanat har Sigidin, babu namijin da ya yi wa ƴancin mata hidima kamar Zaharaddin Hamidu. Wannan ba zancen baki ba ne, akwai takardu. A bangon zaurensa an jera shaidar taro goma sha ɗaya da ya halarta a kan ci gaban mace, kowace da tambarinta, kowace cikin gilashi. Ya yi magana a rediyo sau huɗu. Duk ranar sha ukku ga Mayu, ranar matan ƙasa, yakan sa tela ya ɗinka masa riga da zanen bikin, ya zauna a sahun gaba inda mai hoto ba zai sha wahalar nemansa ba.

Da can jagoran ƴan yawon buɗe ido ne. Da Turawa suka daina zuwa kallon duwatsu da rairayi, sai ya lura ba su daina jin tausayi ba, kuma shi tausayi ta salula yake isowa, ba ya bukatar rakiyar soja. Ya kafa ƙungiya, ya sa mata suna Mace Ta Tashi. A takarda mata arba'in ne. Wasunsu ba su san suna ciki ba, biyu kuma sun daɗe da rasuwa. A tsakar gida mace ɗaya ce ke aikin, zaune kan tabarma tun bayan sallar asuba: matarsa Habsatu.

Faifai take saƙawa. Tana tsaga kaba da farce siriri-siriri, ta dafa ta cikin rini da kanwa, ta tsamo da hannu, sannan ta naɗa, ta soka basilla, ta ja, ta soka, ta ja. Saƙarta matsattsa ce, ko gari aka zuba ba ya samun kafar fita. Wata Baturiya mai kanti a Beljik, Madam Anik, ita ke kwashe duk abin da ta saƙa. A can ba a rufe ƙwarya da faifai, ba a bakace da shi. A bango ake rataye shi, a ja da baya a kalla. Habsatu ta daɗe da daina mamakin wannan.

Madam ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Zaharaddin mutum ne mai kishin iyalinsa, saboda haka hannuwa kawai yake ɗauka hoto ya aika: hannu cikin rini, hannu riƙe da basilla, hannu a kan faifai.

Wata safiya cikin Afrilu, ƙanwarsa Firdausi ta fito da salula a hannu. Ita ce sakatariyar ƙungiya. Ta yi shekara biyu a jami'a, ta dawo da Faransanci da dogayen farata.

"Matarmu, aje basillar nan ki ji. Baturiyarki na kiran sunanki."

Daga cikin salula wata murya ta ce, "Sanu Absatu," sannan ta zuba Faransanci mai tsawo.

"Mi ta ce?"

"Ta ce akwai babbar kasuwar baje koli a Kasabulanka ta ƙasar Maroko cikin Yuni. Tana so ki zo da kanki, ki zauna ki yi saƙa gaban mutane. Yaya zai raka ki. Kuma wai daga yanzu takardar ciniki da sunanki za a rubuta ta, ba da na ƙungiya ba."

Firdausi ta gama faɗin na ƙarshen kafin ta lura da idon yayanta.

"Très bien," in ji Zaharaddin. "Abin da na yi shekaru ina faɗa ke nan. Autonomisation, mace ta tsaya da ƙafarta." Ya faɗe shi kamar mai haɗiyar maganin zazzaɓi ba ruwa.

Habsatu ta matso kusa da salular. Ta roƙi Firdausi ta sake sa mata farkon muryar, wurin da aka kira sunanta, har sau biyu.

Ba a shiga jirgi sai da fasfo, ba a yin fasfo sai an ɗauki zanen yatsu. Farkon Mayu su ukku suka tafi biro, ofishin da ake yin fasfo. Ma'aikaciyar da suka tarar, Madam Suwaiba, ta turo wata ƴar na'ura mai gilashi.

"Ɗora yatsa, baiwar Allah. Danna. Ɗaga. Sake."

Wuta ja ta kama. Aka gwada na biye, ja. Aka bi su goma ɗin ɗaya bayan ɗaya, na'ura ba ta ga kowa ba.

"Ta lalace ne," in ji Zaharaddin. "Na san irinsu."

"Bari mu gani. Ke, ƴammata, ɗora naki."

Firdausi ta ɗora tana dariya. Ko dannawa ba ta yi ba wuta ta koma tsanwa.

Madam Suwaiba ta kama hannun Habsatu ta juya. Kan yatsun sumul suke kamar bayan cokali, sai ƴan tsaguwa da rini ya zauna ciki.

"Mi kike yi da hannun nan?"

"Faifai."

"Na yi zato. Haka matan Tigidda masu gishiri suke zo mana. Zanen ne ya goge. Ba ciwo ba ne, yana dawowa. Ki yi sati ukku ba ki taɓa kaba ba, ba rini, ba kanwa. Ki riƙa shafa man shanu safe da maraice, sannan ki komo."

"Sati ukku," in ji Habsatu a hankali, kamar mai maimaita sunan garin da ba ta taɓa ji ba.

"Babu matsala, Madam," in ji Zaharaddin da muryarsa ta rediyo. "A gidana lafiyar mace ita ce priorité."

Matsalar tana gida tana jiransu. Kasuwar baje koli tana bukatar kolin da za a baje, fayafayai ashirin da huɗu, kuma kamiyo, babbar motar kayan da za ta kai su Yamai, ƙarshen wata zai tashi. Zaharaddin bai hana hutun ba. Bai taɓa hana mace komai ba. Ya dai yi bayani.

"Kasuwar duniya ba ta san hutu ba, Habsatu. Yanzu haka da muke magana akwai mata a Indiya suna saƙa. Su ba su da yatsu ne? Ki gama na gabanki, sai hutu ya fara."

"In na gama na gabana, Malam, sati ukkun ba za su samu wuri ba."

"Wannan lissafi na ƙungiya ne. Ki bar mana shi."

Washegari ya sayo mata safar hannu ta roba. Ta sa, basilla ta riƙa sulɓewa, kaba ta ƙi tsaguwa, ta cire ta aje. Ba a yi asara ba: ya riga ya ɗauki hoton safar, ya aika wa Madam a matsayin kariyar ma'aikata.

Uwarsa, Inna Biba, daga bakin ɗakinta take bayar da tata gudummawa.

"Mu da muka yi shekara arba'in muna daka da surfe, wa ya taɓa neman zanen yatsanmu? Yanzu ƙarfe ne zai faɗa wa mace yaushe za ta yi aikin gidan mijinta? Mai kuma, in akwai man shanu a gidan nan, miya na sonsa."

Ranar sha ukku ga Mayu Zaharaddin ya ba da hutu, ya kuma sanar da shi da ƙarfi don maƙwabta su ji. "Yau ba saƙa. Yau ranarku ce." Ya gayyato mutum ashirin cin abincin rana. Habsatu ta yanka albasa, ta tuƙa, ta kwashe, ta wanke tukwane da toka. Daga zaure tana jiyo shi yana cewa ƙasar da ta bar matanta a baya da ƙafa ɗaya take tafiya. Aka yi tafi. Wani ya leƙo ya ce a ƙaro yaji.

Kwana biyu bayan haka, tana tsaga kaba, wani tsinke ya shige ƙarƙashin farcen yatsanta na nuni, na hannun dama. Ta zare abin da ya zaru, ta tsotse jinin, ta mayar da hannun cikin rini, don tukunya na kan wuta kuma launi ba ya jira.

Rana ta farko yatsan ya yi zafi. Ta biyu ya fara zogi, yana bugawa kamar an sa masa zuciya tasa ta kansa. Ta huɗu ya kumbura, ya yi sheƙi, ya ƙi lanƙwasa. Ta ce tana so ta je likita.

"Bayan kamiyo," in ji Zaharaddin. "In suka naɗe miki shi da bandeji, da mi za ki riƙe basilla?"

Ya tsayar da mai tallar magani a ƙofar gida, ya zaɓo mata ƙwayoyi masu kai ja da rawaya, don sun fi kyan gani. Inna Biba ta kwaɓa lalle da tafarnuwa ta ɗaure mata da tsumma. Firdausi ta ce, "Kai, matarmu, yatsa ya yi ƙiba ya bar ki. Ashe Yaya na ciyarwa." Wasa ne na ƙanwar miji, al'ada ta yarda da shi, kuma al'ada ba ta yarda a ji haushi ba.

Kafin a mayar da tsumman, Zaharaddin ya ce ta tsaya. Ya gyara mata hannun a kan faifai, wajen da haske ya fi kyau, ya ɗauki hoto. Madam ta maido amsa nan take, ta ce ta yi kuka, ta ce a gaya wa Habsatu ta yi ƙoƙari ta jure. Aka gaya mata.

Maƙwabciyarsu Saratu ta shigo aron rariya, ta ga hannun, ta tsaya.

"Habsatu, wannan yatsa ba na gida ba ne. Na likita ne. Tashi in raka ki."

"Bai ba ni izini ba."

"Shi mai rigar zanen mata?"

"Shi."

Saratu ta dubi zaure, ta yi tsaki mai tsawo, ta tafi ta manta rariyar.

Zazzaɓi ya shigo a sati na biyu. Habsatu ta koma saƙa da yatsan a miƙe, yana nuna sama, tana jan kaba da haƙori in hannu ya gaza. Saura fayafayai huɗu, da hantsi, Firdausi ta fito daga ɗaki lulluɓe da baƙin mayafin Habsatu, na turkuɗi, wanda ta zo da shi daga Ingal ranar aurenta. Ta zauna kusa da ita ta ɗauki basilla ta wajen tsini.

"Matarmu, nuna mini yadda ake riƙe abin nan. Riƙon kawai."

Wani ɗan littafi sabo ya zamo daga cikin mayafin ya faɗi kan tabarma a buɗe. Habsatu ba ta karatun boko, amma ta san fuskar da ke ciki: ta Firdausi ce.

"Malam," Habsatu ta kira. Bai taɓa jin ta ɗaga murya haka ba, ya fito da kofin shayi a hannu. "Wannan mi ne?"

"Fasfo ne."

"Na gani. Ni aka kira. Da kunnena na ji sunana."

"Ba ki gane ba, kuma ba laifinki ba ne. Ba mutum aka kira ba, mace aka kira. La femme nigérienne. Ke mace ce, Firdausi mace ce. In ɗaya ta tahi, duka kun tahi."

"Sunan fa?"

"Na yi wa Madam bayani. Habsatu sunan gida, Firdausi sunan takarda. Rabin garin nan haka suke."

"To takardar cinikin da sunan wa za a rubuta?"

"Cikin gida ta tsaya. Ba waje ta fita ba." Ya kurɓi shayi. "Kuma ki tuna ba ni na ƙi ki ba. Na'ura ce. Gabanki aka yi."

"An ce in huta sati ukku."

"Wa ya riƙe ki?"

Habsatu ta dube shi. Ta dubi Firdausi, wadda ta sami wani abin dubawa a faratanta.

"Ba ta iya saƙa ba. Mi za ta yi gaban mutane?"

"An yi tunanin wannan," in ji shi.

Sai Habsatu ta karɓi basillar daga hannun Firdausi, ta soke ta cikin faifan da ba ta gama ba, ta ture shi gefe, ta shiga ɗaki ta kwanta.

Kwana biyu ba ta saƙa ba. Gidan ya shiga makoki. Inna Biba ta ƙi cin abinci, ta shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakin Habsatu tana roƙon Allah ya ɗauki ranta kafin ta ga an tozarta ɗanta gaban Turawa. Firdausi ta daina wasa. Zaharaddin ya duba tarukansa goma sha ɗaya, ya ga babu wanda aka koyar da abin da ake yi in mace ta ce a'a, saboda haka ya koma ga addini. Ya tsaya bakin ƙofa ya yi wa'azi a kan biyayyar aure, da larabcin da rabinsa ya ɓace masa tun yana yaro. Habsatu ba ta fito ba.

Safiya ta ukku ya shiga ya durƙusa gabanta, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi magana da Hausa zalla.

"Ki rufa mini asiri. Huɗu ne suka rage. Ran da kamiyo ya tashi, ni da kaina zan kai ki likita. Kuma in kira Madam in faɗa mata gaskiya, a ɗaga miki zuwa baɗi. Wallahi."

Habsatu ta san nauyin wallahinsa, ta yi shekara goma sha huɗu tana ɗaukarsa. Amma yatsan ya fara baƙi daga kai, yana wari, zogin ya hau har gwiwar hannu, kuma ta ga hanyar likita ɗaya ce, ta cikin fayafayan nan huɗu ta bi. Ta fito ta zare basilla. Inna Biba ta tashi zaune ta ce a kawo mata fura.

Kwana takwas ta yi. Na ƙarshen ta gama shi tana rawar sanyi cikin zafin Mayu. Saƙar ba ta saki ko kaɗan ba, wannan ko maƙiyi sai ya shaida.

Ran da kamiyo ya tashi, Zaharaddin yana da taro. Washegari shi da Firdausi suka hau motar Yamai. Bai manta alkawari duka ba: daga bakin ƙofa ya juyo ya ce ya ba ta izini ta je likita, kuma ta gaida masa majo.

Saratu ce ta kai ta a adaidaita. Majo Isufu, babban ma'aikacin jinya, ya kwance tsumman. Ya taɓa nan, ya taɓa can, ya tambaye ta ko tana ji. Ba ta ji.

"Ina mijinki?"

"Ya yi tahiya."

"Mi ne ne aikinsa?"

Saratu ce ta amsa. "Ƴancin mata."

Majo ya dube ta ya ga ba wasa take ba. Ya juya ga Habsatu.

"Ciwon ya kai ƙashi. Da kin zo sati biyu da suka wuce, tsagawa kawai za mu yi mu wanke. Yanzu in muka bar shi, hannun zai bi."

"A cire," in ji Habsatu. Sannan ta ƙara da cewa, "Sauran za su yi aiki?"

"Za su yi. In kin bar su sun huta."

Saratu ta yi wata irin dariya, majo bai tambayi dalili ba.

Ta yi kwana huɗu a asibiti, ta dawo gida da hannu a rataye. Tsakiyar Yuni, bayan la'asar, saƙo ya shigo salular Inna Biba. Ta aika aka kira matan unguwa, suka cika tsakar gida, suka haɗa kai a kan ɗan gilashin.

Ga Firdausi nan a wani babban ɗaki mai fitilu, cikin baƙin mayafi, idonta a ƙasa kamar wadda ba ta taɓa ganin ƙofar makaranta ba. A yatsanta an naɗa bandeji fari, tibi guda. A bangon bayanta an haska ƙaton hoton kumburarren yatsa a kan faifai. Madam Anik ta kama hannun ta ɗaga sama tana share hawaye, tana bayanin abin da ya hana wannan jaruma yin saƙa a yau. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. A gefe Zaharaddin ya dafa ƙirji yana rusunawa.

"Ku diba ɗiyata," in ji Inna Biba. "Ku diba inda Allah ya kai mu."

Saratu ta karɓi salular ta miƙa wa Habsatu. Ta riƙe da hagu, ta kalla har ƙarshe.

"Hagu ta ɗaure," ta ce. "Na dama ne."

"Turawa ba su duba wannan," in ji Inna Biba, ta karɓe abinta.

Gaskiyarta, ba su duba ba. Fayafayai ashirin da huɗu suka ƙare a yini ɗaya. Kowanne da ɗan kati rataye a jikinsa, yana shaida wa mai saye cewa da ya ɗauki faifan nan ya taimaka wa wata mace a bakin hamada ta tsaya da ƙafarta. Masu sayen mutanen kirki ne. Sun koma gida da sanyin zuciya, sun nemi ƙusa.

Akwai saƙo na biyu, na murya. Inna Biba ta ƙure ƙarar don kowa ya amfana.

"Inna, alhamdu lillahi, succès total! An sa hannu. Madam ta ninka kaya, tana son su kafin Satumba. Ki ce wa Habsatu ta fara jiƙa kaba tun yanzu, kada a makara. Af, kuma a yi mata ya jiki."

Matan suka yi barka, suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu ba su yarda sun haɗa ido da kowa ba. Saratu ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ce wani abu, sai mijinta ya ƙwala mata kira daga bayan katanga.

Inna Biba ta shiga ɗaki ta sake kallon tafin.

Habsatu ta zauna har inuwa ta kai bakin randa. Sannan ta tashi ta jawo damin kaba da hannun hagu, ta zuba cikin kwano, ta kwara ruwa. Ta zare hannun dama daga ratayarsa, ta ɗauki basilla tsakanin babban yatsa da na tsakiya. Basillar ta faɗi. Ta ɗauka, ta sake faɗuwa. A karo na ukku ta tsaya, a ɗan karkace. Ta jawo wani tsohon faifai, ta nemi kafa, ta fara gwadawa.